Ranar da na kama wa Baba wuri a fadar Alhamra

Birnin Kebbi, daren Asabar.

Tun bayan sallar asuba nake kan aiki guda, wato tanadin tikitin shiga fadar Alhamra da kama wurin cin abinci a birnin Garnaɗa na ƙasar Sifen, inda zan raka Baba a tsakiyar watan Oktoba idan Allah ya kai mu. Biza ta fito tun makon jiya, tikitin jirgi yana hannu, masauki kuwa ƙanena da ke karatu a can ya riga ya shirya. Na ɗauka babban aiki ya ƙare, sai shekaranjiya ƙanen nawa ya gaya mini ta waya cewa mutum yana iya isa Garnaɗa da kuɗinsa a aljihu, ya kwana uku, ya juyo bai taka cikin fadar ba, saboda tikitin kan ƙare makonni kafin ranar shiga a lokacin da baƙi suka yi yawa.

Wannan magana ta hana ni sakewa, domin na san abin da tafiyar take nufi ga Baba. Ya shafe fiye da shekara 30 yana karantar da Tuhfatul Hukkam, wani littafin fikihu kan alƙalanci, a zaurensa na Gwandu, kuma mawallafinta, Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa ne da ya rasu a shekarar 1426, lokacin da sarakunan Banu Nasar ke mulki daga cikin wannan fada. Tun muna yara muke jin sunan birnin a bakinsa kamar yana maganar Sakkwato ko Katsina. Idan na ɗauki dattijo mai ciwon gwiwa na tsallaka da shi hamada da teku, sannan aka tsayar da mu a bakin ƙofa aka ce wuri ya cika, ban san da idon da zan dube shi ba.

Da hantsi na buɗe kwamfuta na shiga neman tikitin. Abin da ya fara cin lokacina shi ne rarrabe shafin hukumar da ke kula da fadar daga shafukan dillalai, waɗanda suke fitowa a sahun gaba idan mutum ya yi bincike, suna ɗauke da hotuna masu kyau da farashin da ya zarce na asali. Da na samu shafin hukumar, sai na fahimci dalilin ƙarancin. Alhamra wuri ne mai faɗi, akwai ganuwar sojoji da ake kira Alƙasaba, akwai lambun Jannatul Arif, akwai kuma fadojin Banu Nasar, kuma waɗannan na ƙarshe su ne zuciyar wurin. Ɗakunansu ba su da girman da za su ɗauki dubban mutane a lokaci guda, adon bangonsu kuma na farar ƙasa ne da aka sassaƙa tun ƙarni na 14, wanda gogayyar jama'a ke iya lalatawa. Saboda haka ake shigar da mutane rukuni-rukuni, kowane tikiti da sa'arsa a rubuce, wanda ya makara kuwa ya rasa damarsa. A ganina wannan tsari daidai ne, ko da yake yana wahalar da baƙo, domin ginin da aka fara a 1238 bai kai yau ba sai da kiyayewa.

Ranar Talatar da na so ta riga ta cika gaba ɗaya. Laraba akwai wuri, amma sai da yamma lis. Na tsaya a kan Alhamis, ƙarfe 10:30 na safe, bayan na auna abubuwa da dama. Daga babbar ƙofar shiga zuwa bakin fadojin akwai tafiyar ƙafa da kan ci wa mai lafiya kusan minti 15, Baba kuwa sai an ninka masa, ga shi wurin a kan tudu yake. Na kuma san ba zai wuce bangon da aka rubuta "Wa la galiba illallah" ba tare da ya tsaya ya karanta ba, haka nan baitocin waƙen da aka zana a gefen kwamin ruwan da zakuna 12 na dutse ke ɗauke da shi. Mutum irinsa yana bukatar safiya, lokacin da ƙarfinsa yake cikakke, ya gama a natse kafin azahar.

A nan ne na kira shi, domin ana bukatar suna da lambar fasfo na kowane mai shiga, kuma a ƙofa ana duba fasfon a gwada da tikitin. Na ce, "Baba, a taimaka a sa yaro ya ɗauko fasfo ya karanta mini sunan harafi bayan harafi." Ya tambayi dalili, na yi masa bayani. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi a saninsa baƙo idan ya iso ƙofa buɗe masa ake yi, kuma bai ga yadda ɗan Adam zai yanka sa'ar da zai tsaya a wani wuri nan da kwana 40 ba, alhali bai san ko zai kai gobe ba. Ban yi masa musu ba, domin maganarsa tana da tushe, kuma a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu har yau haka ake yi, ka iso ka yi sallama a zagaya da kai. Sai dai na tuna masa umararsa ta ƙarshe, yadda shiga Rauda a masallacin Madina ya zama sai da izinin manhajar Nusuk mai ɗauke da rana da sa'a, da yadda masauki ke yanke wa wanda ya zo bikin kamun kifi na Argungu bai yi tanadi ba. Ya ce, "To, ka rubuta, amma ka ce in Allah ya so." Na ce da shi na fara. Alheri ne da na tambaya, domin rubutun sunansa a fasfo ya bambanta da yadda muke rubutawa a gida da haruffa biyu.

Wajen biya katina ya ƙi wucewa har sau uku, ina kallon guraben ƙarfe 10:30 suna raguwa. Na tura wa ƙanena bayanan, ya biya da katinsa na can da kuɗin Yuro, tikiti uku suka shigo mini ta imel kafin la'asar.

Batun abinci ya fi ba ni tunani fiye da yadda na zata. Mutanen Sifen suna cin abincin rana ne daga ƙarfe 2, na dare kuwa da wuya a fara shi kafin 8:30, kuma gidajen abinci da yawa suna rufe kicin a tsakani. Baba ya saba cin tuwonsa bayan magariba, ya sha magani ya kwanta da an yi isha'i. Ga kuma naman alade da ke cikin girkinsu sosai, wani lokaci a miya ko a man suya inda ido ba ya gani. Don haka ba zan yarda mu fito daga fada da yunwa mu shiga bin titi muna leƙa ƙofofi ba. A ƙasan unguwar Albaizin, wajen titin Elbira, akwai gidajen abinci na 'yan Maroko masu sayar da halal, a nan na kama mana tebur na mutum uku ranar Alhamis ƙarfe 2, na kuma roƙi a ba mu wurin da babu hawan bene. Sun amsa cikin sa'a guda.

Wurin cin abinci na biyu shi ne wanda raina ya fi so. A saman Albaizin akwai babban masallacin Garnaɗa da aka buɗe a 2003, bayan fiye da shekara 500 da Banu Nasar suka miƙa birnin ga sarakunan Kiristoci a watan Janairun 1492, kuma daga lambunsa ana hango Alhamra gaba ɗayanta a tsallaken kwari. Ina so mu yi Juma'a a can, sannan mu ci abinci a ɗaya daga cikin gidajen da ke kallon fadar, waɗanda teburansu na bakin baranda kaɗan ne kuma kowa su yake nema. Na buga waya ba a ɗauka ba, sai na tuna agogonsu yana gaban namu da sa'a ɗaya har zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin hutunsu na kira. Na aika saƙo a rubuce, na tambayi ko suna da kifi da ganye da ba a girka da giya ba, da kuma ko tasi na iya isa ƙofarsu, tun da titunan unguwar matsattsu ne masu duwatsu.

Bayan magariba na je shagon buga takardu na fitar da kwafi bibbiyu na kowane tikiti, domin ban yarda in dogara da cajin waya a ranar ba. Na sa su a ambulan tare da fasfona, gobe zan kai wa Baba nasa Gwandu ya gani da idonsa. Gidan abincin Juma'a har yanzu ba su amsa ba, idan Litinin ta yi shiru zan sa ƙanena ya taka ya tambaye su baki da baki.