Mazarin Inna a Tudun Wada

Ranar da aka kawo ni Kaduna, a watan Maris na 2021, ban ɗauka ƙasar waje na zo ba. Da asuba muka bar Maraɗi, muka ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, muka bi Katsina, Funtuwa, Zariya, kuma duk inda mota ta tsaya Hausa nake ji. Mu mutanen Maraɗi Katsinawa ne tun asali, sarkinmu ma Sarkin Katsina ake ce masa. Na ce a raina, gida na bari na zo gida.

Sati bai cika ba na gane baƙunta ba ta tsaya ga harshe kaɗai ba. A gidan hayar da muka sauka a Tudun Wada, in na ce "lahiya lau" sai yara su riƙa maimaitawa har na shige ɗaki. Matan gidan suka sa mini suna Buzuwa. Ba da mugunta suke faɗi ba, haka aka saba kiran duk wanda ya fito daga Nijar, amma abin yana yi mini ciwo. Buzaye mutane ne masu harshensu da asalinsu, ni kuwa ba a cikinsu na fito ba, kuma babu wadda ta tambaye ni. A kasuwa ma lissafi ya rikice mini. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, saboda haka in mai kaya ya ce ɗari biyar sai zuciyata ta ninka sau biyar kafin na tuna inda nake. Jikar kuɗi a wajenmu sefa dubu ce, ta nan naira ɗari biyu. Karatun da na yi a lakwal da Faransanci ne, ga shi duk takardar da aka miƙo mini da Turanci take. Maigidana ya fita shago da safe, sai bayan isha'i. Tsakanin nan ni kaɗai ce da bango huɗu.

Abin da na zo da shi na ɗebe kewa shi ne kwarashi ɗaya da dunƙulen ulu biyu. A can ƙasan akwati kuma akwai wata 'yar taskira da kakata, wadda muke kira Inna, ta cusa mini cikin kayan aure: mazari mai gululun yumɓu, da ƙarfen gurza, da ɗan bakan shiɓa, da guntun alli. Na karɓa ne don kada ranta ya ɓaci. Fiye da shekara biyu ban buɗe ta ba.

Wata rana ina zaune bakin ƙofa ina saƙa hular jariri, Hajiya mai gidan ta zo karɓar kuɗin wuta. Ta tsaya, ta karɓi hular, ta juya cikinta. Masu saƙa ta ciki suke duba aiki, a nan ake ganin inda aka ƙulla zare da inda aka ɓoye bakinsa.

"Amarya, wa ya koya miki?"

"A gida na koya, Hajiya."

"To ranar Asabar bayan azahar ki shigo wajena. Ki ƙunso ɗan zare da wani abu kaɗan, ko mene ne."

Mata goma sha biyu na tarar a tsakar gidanta, kowacce da ƙunshi a gabanta, wata a leda, wata a tsohon ɗankwali. Asabar ta farko a kowane wata suke haɗuwa. Ana rubuta sunaye a 'yan takardu, a zuba a kwano, jikar Hajiya ta zagaya da shi. Sunan da kika ɗauko, ita za ki miƙa wa ƙunshinki. A cikin kowane ƙunshi dole a sami zare, sannan da 'yar kyauta. Shi ke nan dokar.

Wanda ba ya saƙa zai ce mene ne abin taruwa a kan guntayen zare. Amma duk mai saƙa ta san baƙin cikin rigar da ta rage hannu ɗaya zare ya ƙare. Ki koma shagon da kika saya a babbar kasuwa, mai shago ya ɗauko miki launi iri ɗaya, lamba iri ɗaya, ki zo gida ki jona, sai rana ta haska ki ga zaren ba kalar yadin ba ne, domin rinin wannan zubin daban da na wancan. A gefe guda kuma kowacce tana da rabin dunƙule biyar ko shida a ƙasan jaka, sun yi kaɗan a yi riga, sun yi yawa a zubar. Abin da ya zame wa wata kaya, shi wata take yawon nema. Bayan an gama ƙuri'a sai a zazzage jakunkuna a kan tabarma, a shiga musaya ta biyu: ba ni shuɗinki in ba ki ruwan ɗorawata, wa ke da fari ko kamu ɗaya ne in ƙarasa bakin safa.

A zuwana na farko na yi kuskure. Na ga zarena kaɗan ne, sai na naɗe naira ɗari biyar na sa a ciki don kada a ce na yi rowa. Wadda ta karɓa ba ta ce komai ba. Da aka watse Hajiya ta kira ni ɗaki, ta damƙa mini kuɗin a hannu.

"'Yata, nan ba adashi ba ne. Ko kuka ce cokali biyu, ƙunso. Kuɗi dai a'a. Ranar da kuɗi ya shigo za a fara auna na wa ya fi, daga nan marar shi ta daina zuwa."

Na yarda da wannan magana tun a ranar, kuma har yanzu ban ga abin da ya ƙaryata ta ba. A cikinmu akwai matar babban ɗan kasuwa, akwai mai sayar da awara a bakin makaranta. In ba don an hana kuɗi ba, da waɗannan biyun ba su zauna kan tabarma ɗaya shekara da shekaru ba.

Daga nan tsarabar gida ta zama jarina. Mahaifiyata takan aiko mini ta hannun direbobin Maraɗi: cuku, dabino, kilishi, lalle. Sai na gutsura na sa a ƙunshi. Ba a daɗe ba aka fara addu'ar Allah ya sa ni zan ɗauko sunan mutum, saboda cuku. Ni kuma na kwaso turaren wuta daga wata 'yar Barno, da man shanu, da daddawa, da maɓallai, da tsinken saƙa guda biyu da na koyi saƙar rigar sanyi da su. Citta kuwa daga wajen Mama take fitowa.

Mama 'yar Kachiya ce, ƙasar citta, Kirista ce, a Kakuri take zaune. Mijinta da marigayi mijin Hajiya tare suka yi aiki a masaƙa. Daga bakin su biyun na ji tarihin garin da aka kawo ni. Tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu suka biyo baya, har da UNTL da Arewa, mutane suka taho daga ko'ina cikin ƙasar nan don su ci abinci a jikin auduga. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Hajiya ta ce da can in an tashi daga aiki hanya ba ta biyuwa saboda kekuna. Tun rikicin shekarar 2000 garin ya rabu, yawancin Musulmi suka tattaru arewa da kogi, yawancin Kirista suka koma kudu. Amma kowace Asabar ta farkon wata Mama sai ta hau Keke Napep ta haye gada da ƙunshinta. In an kira la'asar muka tashi salla, ita ke zama ta riƙe jariran.

Ita ta koya mini sayen tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo a Kasuwar Barci don a warware su. Ba kowace riga ke warwaruwa ba. Sai kin duba ɗinkin gefe: in an yanka saƙar ne aka bi ta da keke, guntu-guntu za ki samu, ki bar ta, in kuwa kowane ɓangare an saƙa shi daban aka haɗa, zare ɗaya za ki ja har ƙarshe. Zaren yana fitowa a nannaɗe, sai a naɗa shi a bayan kujera, a ɗaure, a jiƙa a ruwa mai ɗumi, a shanya da ɗan nauyi a ƙasa har ya miƙe. Ita ce kuma ta nuna mini gwajin ashana. Abin da muke kira ulu a kasuwa yawancinsa bai taɓa jikin tunkiya ba, na roba ne, in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Ulun gaske ƙaurin gashi yake yi, ya bar toka mai murmushewa. Auduga kuwa kamar takarda take ci. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su irin wanda ba ya kaɗuwa, shi ya sa ulun gaske sai a gwanjo muke tsintar sa.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Cikin 'yan kwanaki aka rufe iyaka. Direbobi suka daina zuwa, tsaraba ta yanke, zuwa gida ya gagara, ga Inna an ce jikinta ya yi rauni. A unguwa kowa maganar yaƙi yake, wasu in na wuce su yi shiru. A tabarmar Hajiya babu wadda ta canza mini fuska, sai dai ni ce na ji kunya, domin kuɗin zare ya hau, kuma ba ni da abin ƙunsowa. Wata biyu na ƙi zuwa, na ce ba ni da lafiya.

A watan Disamba, hunturu ya kankama, Hajiya ta aiko jikarta da wani ƙullin buhu. Ƙaninta ne ya zo daga wani ƙauye kusa da Funtuwa, ya kawo mata audugar gonarsa don ta yi matashin kai. Yarinyar ta ce, "Anti, Hajiya ta ce wai kin taɓa cewa kakarki tana kaɗi." Na buɗe buhun, ƙamshin auduga mai gurya ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gidan Inna ina 'yar shekara tara. Na zauna na yi kuka mai isata, sannan na janyo akwati.

Hannu ba ya mantuwa, amma yana yin nauyi. Na samo faffaɗan dutse na yi magurji, na riƙa murza ƙarfen a kan audugar har gurya ta fita. Na shiɓe ta da baka ta tashi kamar kumfa, na naɗa sutu. Da na shafa alli a yatsu na murza mazari, zaren ya tsinke ya fi sau ashirin a daren farko. Wajen kaɗi hannun hagu ne ke jan auduga, na dama yana juya mazari, kuma in ɗaya ya riga ɗaya, ko zaren ya yi kumburi ko ya yanke. Inna takan kaɗa arafiya siririya tana hira, ba ta ko kallon hannunta. Ni abawa ce ta fito mini, mai kauri, wani wuri ciki wani wuri wuya. Na haɗa biyu na murɗa su ta kishiyar yadda na kaɗa su don kada saƙa ta karkace, na tafasa, na shanya. Sati uku na yi kafin na sami dunƙule biyu.

A Asabar ta farkon Janairu na koma. Sunan Maman Biyu na ɗauko, mai awara. Da ta kwance ƙunshin tsakar gidan ta yi tsit. Aka riƙa miƙa dunƙulen hannu zuwa hannu, ana shinshinawa. Mama ta riƙe shi ta daɗe, ta ce mijinta shekara ashirin yana gaban injin kaɗi, amma rabonta da ganin zaren hannu tun tana yarinya. Maman Biyu ta ce tagwayenta in ta sa musu hular roba ƙuraje suke yi, wannan za ta saƙa musu. Wata ta ce, "Buzuwa, wata mai zuwa ni za ki ɗauko." Hajiya ta ɗago kai ta ce, "Bakatsiniya ce. Ku tambaye ta ku ji." Ranar har magariba ina ba su labarin Maraɗi, da Gulbi, da tafkin Madarumfa.

Tun daga nan ba a rasa mai kawo mini auduga, ni kuma ina mayar da zare. 'Yan mata uku suna zuwa koyo, har da jikar Hajiya, amma mazari ɗaya gare mu, sai bi da bi.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Bayan ƙaramar salla na shirya tafiya, sai matan suka kawo mini ƙunshi ba tare da ƙuri'a ba. Kowacce ta saƙa ɗan murabba'i da guntayen zarenta, aka haɗa su bargo, aka bi bakinsa da abawata. Ga citta, ga turare, ga man shanu. Suka ce a kai wa Inna.

Na same ta a kan tabarma a inuwar bedi, ta rame, amma idonta yana nan. Zafi ake zubawa, duk da haka ta shimfiɗa bargon a cinyarta, ta bi launukan ɗaya bayan ɗaya ina faɗa mata mai kowanne. Da ta zo baki sai ta tsaya, ta murza zaren tsakanin yatsunta.

"Ke kinka kaɗa wanga?"

"Ni ce, Inna."

"Hannunki na hagu yana gaggawa. Audugar ina ce?"

"Ta Funtuwa."

"Tana da kyau." Ta yi shiru kaɗan. "Ɗiyan da kike koya ma, su nawa ne?"

Na ce uku. Ta kira ƙanwata ta ce ta shiga ɗaki ta sauko da ƙwaryar da ke bisa randa. Mazarai huɗu ne a ciki. Ta murza kowanne a tafin hannunta tana kallon yadda yake juyawa, ta ware ɗaya ta mayar, ta ƙunshe ukun a bakin zanenta ta yage ta miƙo mini.