Shiga aikin jagorancin furoje daga Arewacin Kamaru

Tambayar da matasan Garwa da Marwa suka fi yi mini game da jagorancin furoje, wato aikin da aka tsara da kasafi da wa'adi, ita ce wace takardar shaida za su nema da farko, kuma kusan duk mai tambayar ya riga ya ji sunan PMP, takardar shaidar ƙwarewa a jagorancin furoje. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, domin cibiyar PMI ta Amurka mai ba da wannan takarda, wadda aka kafa a 1969, ba ta barin mutum ya zauna wannan jarrabawa sai ya nuna cewa ya jagoranci ayyuka na wata 36 idan yana da digiri, ko wata 60 idan karatunsa ya tsaya a sakandare, ban da sa'a 35 na horo. Takarda ce ta wanda ya riga ya shiga. Mai farawa zai fi amfana da CAPM, takardar PMI ta matakin farko, wadda sa'a 23 na horo ta ishe shi, ko kuma Project DPro, wadda aka tsara musamman domin ma'aikatan ƙungiyoyin raya ƙasa, kuma littafinta yana samuwa kyauta da Faransanci a intanet.

A ganina, a yankinmu ƙaramin aiki ne yake buɗe ƙofa. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a 2013, ƙungiyoyin agaji suka yawaita a yankin Arewa Mai Nisa, kuma kullum suna bukatar masu tattara bayanai, masu wayar da kan jama'a, da masu kula da sito da motoci. Wanda ya yi shekara biyu yana bin ƙauyuka da takardar tambayoyi ya san abin da ba a koyarwa a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundare: ba a haƙa rijiya a gari sai an fara gaida lamido ko lawan, ba a kiran taro ranar kasuwa, kuma jadawalin da ya sa kai siminti cikin Agusta, lokacin da ruwa ke cika mayo, wato koramu, yana yanke hanyoyi, ya rushe tun kafin a sa masa hannu. Wanda yake jin Hausa da Fulatanci, balle ya ƙara da Larabcin Shuwa idan wajen Kusiri aka tura shi, yana da jarin da baƙo ba zai samu a wata shida ba.

Sai dai sanin ƙasa kaɗai ba ya kai mutum kujerar shugaban furoje, kuma nan ne da yawa daga cikin 'yan'uwanmu suke tsayawa. Mai ba da kuɗi yana Yawunde ko Turai, takarda kawai yake gani. Dole mutum ya iya rubuta rahoto da Faransanci mai tsabta, ya iya tsara kasafi a Excel har ya bayyana inda kowace sefa ta shiga, ya kuma fahimci jadawalin nan na manufa da sakamako da ma'auni wanda kusan kowane mai ba da tallafi yake nema. Turanci ƙari ne mai amfani, musamman ga mai hangen Njamena, inda hedkwatar Hukumar Tafkin Chadi take.

Akwai abin da ake rainawa, wato ajiye shaidar aiki. Idan ka shugabanci kwamitin ginin aji a unguwarku, ko ka tsara rabon taki ga ƙungiyar manoman auduga, rubuta ranar farawa da ta gamawa, yawan kuɗin, mutanen da ka jagoranta, da wanda zai iya tabbatar da maganarka. Irin wannan bayani ne fom ɗin PMP yake tambaya, kuma shi ne masu ɗaukar aiki suke so su ji idan an kira ka ganawa.