Godiya Ga Duk Wanda Ya Sa Hannu A Zaman Addu'ar Da Muka Yi Wa Manyanmu Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin kwamitin masallacin unguwarmu, muna miƙa godiya ga iyayenmu malamai, da dattawa, da iyayenmu mata, da matasa, bisa yadda aka kammala saukar Alƙur'ani da addu'a ga manyan da Allah ya karɓa a 2025: Alhaji Aminu Alhassan Dantata, da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, da Shehu Ɗahiru Usman Bauchi. An taru lafiya, an watse lafiya. Mun ɗan tsawaita bayani ne domin wasu unguwanni sun tambaye mu yadda aka tsara abin.

Godiya ta farko ga alarammomi da gardawan da suka ɗauki nauyin saukar. Mai shirya irin wannan zama ya sani cewa wajen rabon karatu ake samun tangarɗa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas. Idan masu karatu 60 suka zauna kowa da izunsa, ana gamawa cikin minti 20 zuwa 30. Idan 30 ne, kowa ya ɗauki izu bibbiyu. Matsala tana zuwa idan aka kwance Alƙur'ani mai warƙa-warƙa daga gafaka aka rarraba, saboda ƙarshen warƙa ba ya dacewa da ƙarshen izu. Sai wannan ya tsaya a ƙasan shafinsa, wancan ya ɗauka daga saman nasa, a bar aya ɗaya ko biyu a tsakani ba wanda ya karanta. Malamanmu sun toshe wannan kafa: kowa ya fara daga kan izu, kuma kada ya tsaya sai ya taɓa ayar farko ta izun da ke bi masa. Sun kuma hana a yi rabo da lambar aya, tunda a cikinmu akwai masu Warshu akwai masu Hafsu, kuma ƙidayar ayoyin ba ɗaya ba ce, 6,214 a Warshu, 6,236 a Hafsu. Da sunan izu aka raba, Sabbi, Amma, Ƙul'uhiya, Tabara, har zuwa Baƙara. An ajiye mutum ɗaya da takarda yana sa alama a gaban duk izun da aka dawo da shi, da mahaddata a gefe masu cike gurbin wanda bai iso ba. Ƙananan ɗalibai izufin ƙasa aka ba su, inda bakinsu ya riga ya faɗa. Allah ya ƙara wa malamanmu albarka.

Muna kuma godiya ga malaman makarantar da suka tsara takaitaccen tarihin da aka karanta bayan sauka. Aiki ne da ba a ganin wahalarsa, amma sun tace abubuwa da dama da ke yawo a waya ba daidai ba.

Alhaji Aminu Dantata ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94, kuma a Abu Dhabi ne, ba Dubai ba kamar yadda wasu ke rubutawa. A Madina aka binne shi ranar 1 ga Yuli, a Kano kuwa salatul ga'ib aka yi masa. Ba shi ne kakan Aliko Dangote kai-tsaye ba. Mahaifiyar Dangote 'yar yayansa ce, Alhaji Sanusi Dantata. Alhaji Aminu ya karɓi ragamar kamfanin gidansu a 1960, ya yi kwamishina a Jihar Kano zamanin Audu Bako, kuma ko a 2024, da ambaliyar madatsar Alau ta shafe sassan Maiduguri, ya ba da gudummawar naira biliyan ɗaya da rabi.

Janar Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli yana da shekara 82, aka sauke gawarsa a filin jirgin Katsina, aka binne shi a gidansa na Daura ranar 15 ga wata. Ya mulki Najeriya da kakin soja daga ƙarshen Disambar 1983 zuwa Agustan 1985, sannan da ƙuri'a daga 2015 zuwa 2023.

Shehu Ɗahiru ya rasu ranar Alhamis 27 ga Nuwamba, aka yi jana'izarsa washegari Juma'a a Bauchi. A kansa ne aka fi samun saɓanin shekaru, wani ya ce 98, wani ya ce ya haura 100, har ana musu a kai. Duka biyun suna da gaskiya. An haife shi a 1927, wato shekara 98 a lissafin Miladiyya. Shekarar Hijira kuwa kwana 354 ce, ta gaza waccan da kwana 11, shi ya sa duk bayan shekara 33 take ƙara ɗaya. A wannan lissafi shekarunsa sun kai kimanin 101. Mai karanta tarihi ya faɗi ƙidayar da yake nufi, musun ya ƙare. Duk wanda ya taso yana jin tafsirinsa na azumi daga Kaduna a rediyo, alarammomi na jan baƙi yana fassarawa da ka, ya san girman giɓin da aka bari.

Akwai wata godiya da ba za mu tsallake ba. A unguwar nan akwai 'yan uwa da fahimtarsu ba ta tafi a kan yin sauka ga mamaci ba. Sun faɗa mana haka cikin mutunci, ba su tare kowa ba, wasunsu ma sun ba da aron tabarmi, suka yi wa mamatan addu'a a nasu lokacin. Akwai kuma waɗanda suka sha wuya a shekarun mulkin Buhari, na tsadar abinci, ko rashin tsaro, ko canjin kuɗin farkon 2023, kuma ba su ɓoye ra'ayinsu ba tun yana raye. Duk da haka sun zauna sun ɗaga hannu tare da kowa. Ba mu nemi kowa ya canza ra'ayinsa a kan mulki ba, tarihi zai ci gaba da tattauna wannan. Abin da liman ya tunatar shi ne hadisin da ke cikin littafin Sahihul Buhari, wanda ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Mun ga an yi aiki da shi, kuma ya faranta mana rai ƙwarai.

Iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu, sannunku da aiki, Allah ya saka da Aljanna. A ƙiyasin masu girki, buhun shinkafa mai kilo 50 yana ciyar da mutum 250 zuwa 300 idan an zuba a robobi, jakar ruwan leda kuma ɗauri 20 ce, sai a lissafa wa kowa biyu. Girkin ba shi ne abin tsoro ba, rabon ne. Ba mu manta turmutsutsun da ya ci rayuka wajen rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija a Disambar 2024 ba. Abin da ke haddasa shi sananne ne: a tara jama'a a ƙofa ɗaya, a fito da abinci a gaban idonsu, kowa na tsoron zai ƙare kafin a zo kansa. Don haka ba a fito da ko roba ɗaya ba sai da aka shafa fatiha. Mutane suna zaune a sahunsu matasa suka bi su da shi. Na almajirai an kai wa kowane malami a tsangayarsa cikin manyan kuloli, na mata aka raba a cikin gida, na marasa lafiya da tsofaffi aka bi su har ɗaki.

Matasan da suka riƙe lasifika da janareto, mun gode. Sun kashe na'ura lokacin sauka, domin mutum 60 na karanta wurare daban-daban, ɗaga muryar ɗaya rikita sauran yake yi. Sun ɗaura ƙahonin a gaban mai magana suna kallon jama'a, saboda idan makirfo ya shiga gaban ƙaho ne yake yin wannan ƙarar mai huda kunne. Janareton kuma an kai shi nesa, ta inda iska ba za ta turo hayaƙi cikin rumfa ba. 'Yan agaji da 'yan sintiri sun bar hanya ɗaya a buɗe don mota ko da wani zai faɗi, suka yayyafa ruwa a filin tun da asuba saboda ƙurar hunturu, suka haƙa 'yar magudana a wurin alwala don kada ruwa ya bi ƙarƙashin tabarmi.

Masu ɗaukar hoto sun mutunta roƙon da aka yi musu, muna fatan sauran jama'a ma za su mutunta. Kada a yaɗa hoton gawa, ko na mutum a gadon asibiti, ko wanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira aka sa wa mamaci maganar da bai yi ba. Waɗannan bayin Allah suna da 'ya'ya da jikoki da ke riƙe da waya kamar kowa. Haka nan labarin rasuwa, a jira sanarwar iyali ko hukuma kafin a tura; an sha kashe Buhari da baki a 2017 lokacin da yake jinya a Landan, ya dawo ya ƙara shekara takwas a duniya.

Game da kuɗin da aka tara, za a liƙa cikakken lissafin shiga da fita a allon masallaci ranar Juma'a, kowa ya duba. Dattawa sun amince abin da ya rage a gyara famfon alwala da shi, da niyyar sadaka mai gudana ga mamatan uku da iyayenmu da suka riga mu. Wanda ya ba da aron tabarma, buta, kula ko kujera bai ga kayansa ba, ya tuntuɓi ladan bayan sallar La'asar. Akwai kuma carbi da hula da takalman yara da aka tsinta, suna wurinsa.

Allah ya jiƙan Alhaji Aminu Dantata, ya jiƙan Muhammadu Buhari, ya jiƙan Shehu Ɗahiru Usman Bauchi. Ya yafe musu kurakuransu, ya haskaka makwancinsu, ya ba iyalansu haƙuri. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Kwamitin shirye-shirye