Babban yatsana da teburin maigida

Jiya na tattara kayan aikina na bar shagon kafintan da nake aiki bayan shekara 6. Teburin yankan nan na tsaya kallo kafin in fita, domin shi ya ci mini kan babban yatsan hagu.

Tebur ma dai sunan ne kawai. Zarton hannu ne mai lantarki, mai faifan inci 7 da kwata, maigida ya kife shi ya ɗaure da noti huɗu a ƙarƙashin filawud, haƙoran suka leƙo sama. Murfin faifan ya ja baya ya ɗaure, makunnin ma ya naɗe shi da waya, sai dai a kunna a kashe daga soket. Jagorar yanka kuma, wato abin da ake jingina katako da shi don yanka ya miƙe, guntun katako ne da kusa biyu. Faifan nan yana juyi wajen 5,000 a minti, ba ƙarfen da ke bin bayansa don hana katako matse shi.

Ranar da abin ya faru, harsunan sandunan kujera nake fitarwa, waɗanda ke shiga ramin ƙafa. Maigida ya ce in tsayar da sandar a tsaye in jingina da jagora in tura da hannu, haka shi yake yi tun ban san hannun damana ba. Na yi guda goma sha ɗaya lafiya. A ta gaba sandar ta ɗan karkata, haƙoran baya suka cafke ta suka wurgo, hannuna ya bi. Ban ji zafi ba da farko, ƙara na ji, sai na ga ja a kan garin katako. Injin kuwa bai tsaya ba, soket yana can bango.

Maigida ya zo. Wallahi faifan ya fara dubawa, ko haƙori ya karye. Sannan ya ce, "Kai yaro, garajenka ya yi yawa."

Da na warke na sa tef na auna. Bayan jagorar ya fi gabanta kusa da faifan da milimita 2, wato duk katakon da ka tura sai ya matsu a daidai inda haƙora ke tasowa. Na nuna masa, ya ce in bar iyayi.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Gajeren katako da sanda ake tura shi, ba da yatsa ba. Kada ka tsaya daidai layin faifan. In wuta ta ɗauke, zare filogi kafin ka taɓa komai, makunnin da aka ɗaure zai tashi da kansa in ta dawo. Tsaga dogon katako, irin teburin nan yana iya yi in an daidaita shi da kyau, amma harshe da tsagi suna son abin da zai riƙe sandar gam.

Irin wannan abin na ƙera da kuɗina, akwatin turawa mai bin gefen tebur, hannu yana nesa da faifan. Yanzu duk yaran shagon da shi suke aiki. Na ji maigida yana nuna wa wani baƙo yana cewa dabararsa ce. Na bar musu shi.