Kafin ki sayi keken ɗinkinki na farko

Ƙannena masu koyon ɗinki, don Allah kar kyan keke ya ruɗe ku. Ni shi ya ruɗe ni, na tara kuɗin adashina na je na ɗauko wani ɗan farin keke mai amfani da wuta, jikinsa duk roba, wai yana zigzag yana ramin maɓalli har da ɗinkin ado kala-kala. Ranar da na sa masa shadda ninki huɗu a wajen wuya sai ya hau gurnani yana cinye zare, ba a jima ba wani haƙori na roba a ciki ya karye, mai gyara ya buɗe ya ce Hajiya wannan kayansa babu a kasuwa. Ga kuma NEPA, ana saura kwana kaɗan sallah a ɗauke wuta ki zauna kina kallon atamfar mutane.

Indai yanzu kika fara, nemi baƙin keken ƙarfe da ake takawa da ƙafa, wanda muke kira baƙin kai, Butterfly ko tsohon Singer. Butterfly ɗin ma ai ƙirar Singer 15 aka kwaikwaya a Chana, shi ya sa bobin (abin naɗe zaren ƙasa) da shotul (gidan da bobin yake zama) da bel ɗinsu suke ko'ina, daga Sabon Gari har kasuwar ƙauye, kuma duk mai gyaran keke ya san cikinsa. Madaidaicin ɗinki kawai yake yi, to ke me kike nema a shekarar farko in ba shi ba? In hannunki ya faɗa sai ki sa masa mota, wato ɗan injin da zai riƙa juya shi da wuta.

Tsoho ko sabo kuma, ni a ganina tsohon ya fi ƙarfe mai kyau, amma fa sai kin gwada, don na biyun da na saya tsoho ne kuma ban gwada ba saboda kunyar mai shi, na kai gida na tarar yana tsallake ɗinki. Ki tafi da malamarki ko telan da kika yarda da shi, ki ɗauki ƙyallenki ba na masu sayarwa ba. Ki juya wilin da hannu ki ji ko yana tafiya sumul, ki kama sandar allura ki girgiza, in tana rawa ya ci aiki. Ki kwantar da kan ki leƙa ƙasa ko da tsatsa, sai ki ninka ƙyallen ki ɗinka ki juya bayan, nan ne asirin keke yake tonuwa, zare ya kwanta lafiya ko ya yi kumbo.

Allura lamba 14 ta atamfa, 16 ta shadda da yadi mai kauri, rabin abin da muke cewa keke ya lalace allura ce ta lanƙwashe. Man keke kuma na kwalba za ki saya, kar wata ta ce miki man gyaɗa ma yana yi, na sa, danƙarewa ya yi ya kama ƙura sai da aka wanke cikin da kananzir.