Dashen jijiya don fatar ido ta sake rufewa: abin da aikin ke koya wa mai yinsa

Fatar ido ta sama tsoka biyu ke juya ta, kowace da jijiyarta. Wadda ke ɗaga ta tana karɓar umarni daga jijiya ta uku cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Wadda ke rufe ta kuwa, tsokar nan da ta zagaye ido, jijiya ta bakwai ce ke motsa ta, wato jijiyar fuska. Shi ya sa idan ɓarin fuska ya shanye ido yake buɗewa lafiya lau, rufewar ce ke gagara. Lafiyayyen mutum yana ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti, kowace ƙifta tana shafe tantanin gaban ido da hawaye. In ta tsaya, tantanin ya bushe, ya yi gyambo, gani ya tafi. A ƙasar da hunturu ke zuwa da busasshiyar iska da ƙura, abin yana saurin lalacewa.

Darasi na farko da aikin ke cusa wa mutum shi ne dashen jijiya ba kamar haɗa wayar lantarki ba ne, a haɗa wuta ta kawo. Guntuwar jijiyar da aka ɗebo daga wani wuri a jiki don cike giɓin, zarurrukan cikinta mutuwa suke yi. Kwararon da suka bari shi ake so, sababbin zarurruka su bi ta ciki. Tafiyarsu kimanin milimita 1 ce a rana. Ita kuma tsokar da aka yanke wa jijiya tana ramewa, bayan wata 12 zuwa 18 mahaɗarta da jijiya ta fara lalacewa, bayan shekara 2 da wuya ta amsa. To sai a yi lissafi: dashe mai tsawon santimita 15 zai ci wata biyar ko fiye kafin saƙo ya isa. Wanda ya zo bayan wata 14 da shanyewa, lissafin ya riga ya matse. Gwajin lantarki na tsoka ne ke nuna ko tana da sauran rai.

Ba kowa ake yi wa ba. Shanyewar Bell, wato shanyewar ɓarin fuska da ke zuwa farat ɗaya ba tare da rauni ba, wadda ta fi yawa, galibi tana warkewa cikin watanni, maganinta ƙwayoyin rage kumburi cikin awa 72 na farko da kula da ido. Dashe na wanda jijiyarsa ta tsinke ne: saran wuƙa, karayar ƙashin kunne, ko cire ƙari a gurbin yawu na gaban kunne. In yanka ne, a yi tiyatar cikin kwana 3, domin a lokacin ɓangaren da ya tsinke yana amsa taɓin lantarki, ana gane shi. Bayan nan sai lalube cikin tabo.

Ana ɗebo jijiyar daga bayan sharaɓa, wadda ake kira sural, tana ba da santimita 30 ko fiye, ta bar gefen ƙafa na waje babu ji. In giɓin gajere ne, babbar jijiyar kunne da ke gefen wuya ta isa. Ana juya dashen kai ya koma ƙasa don kada zarurruka su zurare ta ƙananan rassa. Ɗinki da zaren nailon mai lamba 9-0 ko 10-0, ƙarƙashin madubin tiyata, ɗinki kaɗan a rigar jijiyar. Abin da ya fi kashe aikin shi ne ja. Mahaɗar da ke ɗaure tana rasa jini, tabo ya cike ta. Gara dashen ya yi ɗan saura da a ja baki biyu su haɗu dole.

Inda shawara ta fi wuya shi ne daga ina saƙon zai fito idan tushen jijiyar fuskar ya tafi. Jijiyar tsokar tauna tana kusa, tana da ƙarfi, motsi kan bayyana cikin 'yan watanni. Ga murmushi ta yi. Ga ido kuwa, a ganina, rabin biyan buƙata ce: mutum zai rufe ido in ya ciji haƙora, amma ba wanda zai ciji haƙora sau 15 a minti, balle yana barci. Ƙifta ta gaskiya sai saƙon ya fito daga jijiyar fuska ta ɗaya ɓarin. Ana buɗe lafiyayyen gefen, a taɓa rassan ɗaya bayan ɗaya da lantarki, a zaɓi wanda ke rufe ido kuma yake da mataimaki, a haɗa shi da dashen, a bi da shi ƙarƙashin fata zuwa ɗaya gefen. Hanyar doguwa ce, mahaɗa biyu ne, a kowace ana asarar zarurruka, don haka motsin ba ya da ƙarfi. Wasu kan aro wani ɓangare na jijiyar harshe ta riƙe tsokar da rai kafin dashen ya iso, dabarar da likitar tiyata Julia Terzis ta fito da ita a 1984.

Duk tsawon jiran nan ido na buƙatar kariya: hawayen kwalba da rana, man ido da filasta da dare. Sau da yawa ana dasa ɗan nauyi na zinariya ko fulatinam, kusan giram 1, a fatar ido ta sama. A gwada shi da manne a waje tukuna; in ya yi nauyi fatar ta sauko ta tare gani. Kuma nauyi aikinsa a tsaye ne, in an kwanta rigingine ba ya taimako. Fatar ƙasa in ta saki a ɗaure ta daga kusurwar waje.

Mai kuturta lamarinsa daban, domin sau da yawa tantanin idon ma ba ya ji, ba zai kawo kukan zafi ba, kuma ya daɗe da ciwon. Juyo tsokar gefen goshi ya fi masa dashe.

Bayan motsi ya dawo akwai zarurrukan da suka ɓace hanya, ido ya riƙa tsukewa in an yi murmushi ko ana cin abinci. Atisaye a gaban madubi yana ragewa, allurar botulinum kuma, mai sassauta tsoka, ana maimaita ta kusan duk wata 3 zuwa 4.