Baƙin mai da rairayin Sakkwato

Shekara 2 na yi ina kabu-kabu da Boxer ɗin kawuna lokacin da nake karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Da safe aji, bayan la'asar hanya: Dandima, Gawon Nama, Arkilla, wani lokaci har Wamakko idan fasinja ya yi tayi mai kyau. Sharaɗinmu da Kawu shi ne in kawo balas kullum, ƙananan gyare-gyare kuma a kaina. Saboda haka duk abin da zan iya yi wa babur ɗin a zauren gidanmu na Mabera, ba na kai shi wurin makaniki.

A ganina a lokacin, babu wanda ya fi ni kula da sarƙar babur, wadda makanikai ke ce wa cen. Duk lokacin da aka yi mini juyen man inji sai in karɓi tsohon baƙin man a gora. Kowace safiya in tsiyaya wa sarƙa har sai ta yi sharkaf tana ɗiga. In na ji ta fara kaɗa murfin da ke rufe ta, in ɗauko sifana in ja tayar baya har sarƙar ta miƙe tsaf kamar tsarkiyar goge. Murfin ƙasa kuwa cire shi na yi na jefa ƙarƙashin gado, wai yana hana ni ganin aikina.

Wata ranar hunturu na ɗauko wani dattijo da buhun albasa daga Kware. Mun kusa shigowa gari na faɗa wani rami, sai na ji ƙarau, babur ya yi ta kuka amma ba ya tafiya. Sarƙa ta zame daga farantin baya, mai haƙoran nan da take hawa a kai. Allah ya taƙaita ba ta naɗe ta ƙulle taya ba, da labarin ya canza. Dattijon ya sauka, ya dube ni, ya ce Allah ya kyauta, ya tare wani. Ni kuma na tura babur har inuwar wani tsohon makaniki a bakin titi.

Bai tambaye ni komai ba. Ya tsuguna ya lakato abin da ke jikin sarƙar da yatsa, ya murza, ya miƙo mini.

"Yaro, mi kaka zuba ma wagga sarƙa?"

"Baƙin mai ne, Baba. Kullum sai na sa mata."

"Murza ka ji. Wanga ba mai na ba, kunun rairai na kaka dama mata."

Na murza, na ji garas-garas a yatsuna. Nan ne karatun ya fara, kuma wannan shi ne abin da na fi daɗewa ina juyawa a raina, domin ni a zatona gata nake yi wa sarƙar. Baƙin mai ya riga ya gama aikinsa a cikin inji, ya kwaso ɓarɓashin ƙarfe da dauɗa. Idan aka malala shi a kan sarƙar da ba murfi, a gari irin namu da ƙura ke tashi tun daga Nuwamba har Fabrairu, rairayi kuma ko'ina da zarar ka sauka daga kwalta, sai man ya zama danƙo. Duk abin da taya ta watso sai ya manne. Wannan cakuɗin ne ke shiga tsakanin gaɓoɓin sarƙa yana cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Mu ce sarƙa ta miƙe, alhali ƙarfe ba roba ba ne. Ƴan sandunan da ke haɗa gaɓa da gaɓa ne suka siɗe, kowace ta sami ɗan wasa, in aka tara wasan gaɓa fiye da 100 sai tsawo ya ƙaru.

Ya nuna mini gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki. Ka kama sarƙa a bayan farantin baya, can inda ta zagaye shi, ka ja ta waje. Lafiyayya da ƙyar za ta motsa. Tawa ta taso har ina hango rabin haƙori. Daga baya na koyi na awo: sarƙa mai lamba 428, irin ta yawancin ƙananan baburanmu, tazarar kowace gaɓa milimita 12.7 ce, wato gaɓa 20 su ba ka milimita 254 tana sabuwa. In ta ƙara kusan milimita 5 a kan haka, ta gama yawo.

Na ce masa to a cire gaɓa ko biyu, ko in sayi sarƙa kaɗai tunda faranti bai karye ba. Ya yi dariya ya ce in dubi haƙoran. Na sabon faranti, wato sifroket, a tsaye suke, kansu da ɗan faɗi, gefe da gefe daidai. Nawa sun yi tsini sun karkata gefe guda kamar bakin lauje. Tsohuwar sarƙa ta sassaƙe su daidai da tsawonta. In ka ɗora sabuwa a kai ba za ta zauna daram ba, cikin ƴan makonni haƙoran za su mai da ita irin ta da. Su uku ne ake canzawa tare: sarƙa, ƙaramin faranti na gaba, babba na baya. Na gaban ma ya fi saurin ci, tunda haƙoransa kaɗan ne, yana juyawa kusan sau 3 kafin na baya ya yi 1, ga shi a ɓoye ba mai duba shi. Cire gaɓa kuwa rage tsawo kawai yake yi, sauran gaɓoɓin suna nan a cinye.

Da daddare na faɗa wa Kawu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ni zan saya wannan karon, kai kuma ka nemo murfin da ka cire." Ban san ya lura ba.

Maganar ɗaurewa ita ma na sha kunya. Sarƙa tana son wasa. Idan ka taɓa ta a tsakiya, tsakanin faranti biyu, ya kamata ta yi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, gwargwadon abin da littafin babur ɗinka ya ce. Dalili shi ne in an hau, shokozoba ta nutse, tazarar da ke tsakanin farantan tana ƙaruwa, sarƙar ta ƙara ɗaurewa. Ni da nake ja ta tsam babur na tsaye ba kowa a kai, sai in ɗora mutum da buhu, in faɗa rami. Duk wannan jan a kan gaɓoɓi da boris, wato ƴan ƙwallayen ƙarfen da taya da faranti ke juyawa a kai, yake ƙarewa, har robar da ke tare mai a bayan ƙaramin faranti ta fara yoyo. Kuma sarƙa ba ta cinyewa daidai, akwai inda ta fi tauri. Sai ka kafe babur a ƙafar tsakiya, ka juya taya da hannu ka nemo wurin, a nan za ka auna. Ka ja gefen dama da na hagu daidai, kana kallon ƴan zanen da ke jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, in ba haka ba taya ta karkace, faranti ya ci gefe guda. Bayan ka ɗaure babban noti ka sake aunawa, ka kuma taka birkin baya, domin matsar da taya yana canza shi.

Makullin sarƙa, ɗan ƙarfen nan mai kama da kifi, kansa a rufe shi ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. In ka juya shi, wani abu zai iya kama buɗaɗɗen bakin ya fizge shi.

Wanki da kananzir nake yi da tsohon buroshin haƙori, ba fetur ba, ballantana ga masu sarƙa mai ƴan zoben roba a ciki. In goge da tsumma ta bushe, sannan in bi gaɓoɓin ta ciki da man giya mai lamba 90, ɗigo-ɗigo, na fi so da yamma bayan na dawo tana da ɗumi. Abin da ya yi saura a waje in share shi tas, don wanda ya shiga ciki shi ne mai aiki. Da damina, duk ranar da na keta ruwa sai na sake sa mata. Kuma inji a kashe. Na ga yaran makanikai suna tayar da babur su sa giya, taya na juyawa suna goge sarƙa da tsumma don sauri. Faranti in ya kama tsumma, da yatsa yake tafiya.

Na koma wurin tsohon bayan wata 3 don ya duba mini birki. Ya buɗe ɗan ramin murfi, ya sa yatsa ya ɗaga sarƙar, ya murza yatsun nasa ya duba.

"Ina gorar baƙin man?"

"Na ba masu katako, Baba, suna shafa wa azara saboda gara."

"Awo. Can ad da amfaninta. Miƙo min sifana 14."